Kunnen Malam Labbo da Tsumman Tasalla

Tasalla na durƙushe a tsakar gidan mahaifinta tana tankaɗen garin dawa, sai ta ji sallamar mijinta daga zaure. Rariya ta tsaya a hannunta. Wata uku ke nan tana jin muryar nan ta bayan katanga kawai, kamar budurwar da ake zuwa zance wurinta, alhali shekara huɗu da ɗaurin aurensu, ga 'yarsu Binta a goye.

"Ci gaba da aikinki," in ji Inno, mahaifiyarta. "Ba wurinki yaz zo ba, wurin babanki yaz zo."

"Inno, mijina ne fa."

"Mun sani. Ai mu munka ba shi."

Shekara biyu a jere ruwa yana yi wa ƙasar Gobir rowa. Bara ya ɗauke gero na gab da fitar da kai. Bana kuwa shuka uku aka yi a Tozai, rana ta ƙone su ɗaya bayan ɗaya. Rumbun Amiru, mijin Tasalla, ya zama wayam, har ɓeraye suka daina zuwa. Ranar da Malam Labbo ya ji 'yarsa Tasalla ta kwana biyu tana dafa ganyen tafasa ba gari, ya aika aka ɗauko ta da goyonta. Bai ce a sake ta ba, bai kuma ce ga ranar komawa ba. Abin da ya faɗa shi ne, za ta zauna sai Amiru ya sami abin riƙe gida wanda ba ya jiran hadari.

Wanda aka aika ɗauko ta kuwa ni ne, Illo mai babur, ƙanen Malam Labbo. A duk Tozai babu wanda ya wahala a kan auren nan kamar ni, kuma har yau ko ɓarin goro ba a miƙo mini da sunan godiya ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Za ni rubuta yadda abin ya faru, ku yara masu tasowa ku karanta ku yi mini shari'a.

A zaure Amiru ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa. Dogon mutum ne mai sanyin magana. Ya gama sakandare, ya koma gona shekara goma, har tafin hannunsa ya yi kaushi kamar bayan itace.

"Baba, ƙungiyar manoma za ta buɗe ofis Isa, don rajistar masu karɓar iri. Suna son mutum biyu da sunka iya kwamfuta. Nan da wata huɗu za a yi jarrabawa. Ina son in koya."

"Kwamfuta," in ji Malam Labbo, yana jan carbi. "Karatu ne ko sana'a?"

"Duka biyu, Baba. Kwas aka yi."

"To in karatu ne, ba kai za ka zaɓi malami ba. Ni za ni zaɓa. In ka gama, ka sami aikin, ka zo ka ɗauki matarka da rana tsaka."

Dole in yi muku bayani a nan. Yayana ya yi suna wajen zaɓen makaranta. Shi ya zaɓa wa 'ya'yansa, shi ke zaɓa wa na maƙwabta, kuma hanyarsa ɗaya ce tun muna yara. Ba ya shiga makaranta, ba ya gaisawa da malami. Bayan katanga yake tsayawa ya saurara. In ya ji muryoyi sun tashi gaba ɗaya suna hadda, ba mai lafewa, sai ya ce nan akwai karatu. In ya ji shiru, ya kaɗe rigarsa ya wuce. Shekara talatin yana haka, kuma a makarantun allo kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba.

Makarantun kwamfuta biyu ne a kusa da mu. Akwai ta Darakta Lawwali a Sabon Birni, akwai ta Malama Fatsuma a Isa, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana buga takardun ofis kafin ta yi ritaya. Ni na ba da shawarar a fara da ta Sabon Birni. Gaskiya ne Darakta Lawwali ya taɓa ba ni wata hula mai aikin hannu, yana kuma kirana Ciyaman in na kawo masa ɗalibi. Wannan girmamawa ce, kuma duk wanda ya ga yadda hular ke zama a kaina ya san an ba mai ita.

Washegari na ɗora su biyu a babur. Makarantar Darakta tun daga nesa ake hango ta: bango ya sha fenti, ga allo mai hoton wani saurayi da rigar digiri yana dariya. Malam Labbo ya zagaya baya, ya jingina kunne da katanga. Muryoyi wajen arba'in suka tashi kamar tsawa.

"Computer is an electronic machine. Computer is an electronic machine. Monitor. Keyboard. Mouse. Printer."

Suka maimaita, suka sake maimaitawa, ba wanda ya yi tuntuɓe. Na ga idon yayana ya kawo ruwa.

"Ban san mi suka faɗi ba," ya ce, "amma wanga malami ba ya wasa."

Da la'asar muka iso Isa. Makarantar Malama Fatsuma shago ne guda a wani lungu, da farantan sola biyu a kan rufi, ba fenti ba hoto. Malam Labbo ya zagaya baya ya kafa kunne. Shiru. Sai wani ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar kaji na tsattsagar hatsi a faranti. Ya jira, ya ƙara jira.

"Rasuwa anka yi nan?"

Amiru dai ya leƙa ta taga. Ya ga mutum biyar, kowa da kwamfutarsa a gaba, dattijuwar na zagayawa a bayansu tana nuni da yatsa. Ya dawo ya durƙusa a gefen hanya.

"Baba, a gafarce ni. Nan mutum biyar ne, kowa na taɓa na'urar da hannunshi. Can ban ga ko ɗaya ba."

"Ka shiga ne?"

"Ban shiga ba, amma—"

"Amma mi? Ni da kunnena na ji karatu can, na ji barci nan. Mace zaune da mutum biyar sun yi jugum, kai ka kira shi makaranta? Noma ya gagare ka, yanzu zaɓen malami za ka koya mini?" Muryarsa ta hau har masu shaguna suka fara leƙowa. "Ka ji da kyau. Sabon Birni za ka. In ka taka wanga shago, ka biyo ta gidana ka aje wa ɗiyata takardarta."

Amiru ya sunkuyar da kai ya hau babur. Har muka isa Tozai ina jin numfashinsa a bayan wuyana, mai zafi kamar iskar bazara.

Labari ya riga mu shiga gida. Tasalla ta jira mahaifinta ya yi sallar magariba ya zauna, sannan ta fito da wani tsumma a hannu ta durƙusa a gabansa. Tun tana yarinya ita ke ajiyar iri a gidan. Ko da na je ɗauko ta, kafin kayan sawarta, tulun irin geron Amiru ta fara miƙo mini, bakinsa a liƙe da laka, don kada yunwa ta sa a daka shi.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yi."

"Bara da wani ɗan kasuwa yak kawo iri cikin buhu mai ƙyalli, yana ta yabon shi, kun shuka?"

"Ban shuka ba."

"Mi kunka yi?"

"Ke kin sani. Ƙwaya goma munka sa cikin jiƙaƙƙen tsumma, munka jira kwana uku. Biyu sunka tsiro."

"Da wanga tsumma munka gwada. Baba, in iri ba a yarda da buhunshi, don mi za a yarda da makaranta don amonta? A nemo waɗanda sunka gama can, a ga ko sun tsiro. Wata huɗu kaɗai gare shi. In sunka tahi banza, aurena ne yat tahi."

Malam Labbo ya ajiye carbi.

"Inno, zo ki ji. Ɗiyar da na haifa ta zo koya mini karatu da tsumma."

"Ba haka nika nufi ba, Baba."

"Na ɗauko ki daga cin ganye, ina ciyar da ke da ɗiyarki cikin wagga shekara, sakamakona ke nan? Gari duka na kawo mini ɗiyansu in zaɓa musu malami, sai cikin gidana za a ce kunnena ya tsufa? Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ta shiga ɗaki ta kwantar da Binta, sannan ta toshe bakinta da tsumman nan ta yi mai isarta. Inno ta tsaya a bakin ƙofa tana faɗa, rabi da ita rabi da mijinta, a muryar da ba za ta kai zaure ba.

Amiru ya bi umarni. Ya sayar da ragowar awakinsa, ya tare a gidan wani ɗan'uwansa a Sabon Birni, ya shiga aji. Wata guda cur ba a gan shi ba.

Ranar da ya dawo, Malam Labbo ya tafi ta'aziyya Burkusuma. Ni na shigo da shi zaure da hantsi, na aika aka kira Tasalla, na zauna a bakin ƙofa ina gadi. Wannan ma ba a gode mini ba.

Ta dube shi ta ga ya rame, ta ajiye masa kwanon fura. Bai taɓa ba. Ya zaro wani kwali daga cikin riga ya shimfiɗa a ƙasa. An zana ƙananan gidaje a kai da biro, kowane gida da harafi.

"Mi ne ne wanga, Baban Binta?"

"Kibod ɗina ne."

"Na kwamfuta?"

"Na kwali. Kowa shi ka zana nashi. Kwamfuta ɗaya ce makarantar, tana ofishin Darakta, an lulluɓe ta da leshi. Janareto ba a tada shi sai in baƙi sun zo. Wata guda, sau ɗaya na taɓa ta, ran da anka ce in share mata ƙura." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Amma tambaye ni ma'anar kwamfuta da Turanci. Ko daga barci anka tashe ni za ni kawo miki ita."

"Kun yi magana?"

"Na yi. Darakta yac ce practical, wato taɓa na'ura, sai ƙarshen kwas, wai in ban da haƙuri in koma gona. Yac ce satifiket ɗinshi mai ruwan zinari ne, shi aka dubawa." Ya naɗe kwalin. "Tasalla, na ga takardar ƙungiya. Ba satifiket za su duba ba. Zaunar da mutum za su yi gaban na'ura su ce buga. In na tsaya can na faɗi, na rasa ki. In na tahi Isa, babanki yac ce na rasa ki. Kowace hanya na bi, gidan da babu ke take kai ni."

Ta matso har gwiwarta ta kusa taɓa tasa.

"Kun san tulunku na nan? Sau biyu Inno ta ce a fasa a yi kunu, na hana. Na ce mai shi na nan tahe. Ban ajiye iri wata huɗu cikin yunwa don in kai shi gidan wani ba." Ta tura masa kwanon. "Ku sha. Ba za ku saɓa wa Baba ba, ba kuma za ku faɗi ba. Wanda yaɗ ɗaure abin shi za shi kwance shi."

Sai ta juyo ta dube ni. Ni da ke zaune ina yi musu gadi don Allah.

"Baffa Illo, wagga hula ta yi muku kyau."

"Kowa haka yaka cewa."

"Ba a saida irinta Isa. Kuma ranar da kunka kai ɗan gidan liman makarantar Sabon Birni kunka dawo da ita. Baba ya san inda tah hito?"

Ku ji fa. Yarinyar da na goya a tankin babur tana shekara uku, yau ita ke auna ni da ido kamar mai sayen rago. Na ce mata ba a yi wa baffa haka. Ta ce ita ma ba a yi wa 'yar ɗan'uwa haka. Na ce zancen hula daban, zancen aure daban. Ta ce to bari Baba ya dawo ya raba mana. A nan na ga cewa, don tausayin yaran nan kawai, ya kamata in sa hannu.

Dabarar da na yi, ko a birnin Alkalawa zamanin sarakunan Gobir sai an ba ni doki. A lokacin famfon burtsatsen unguwarmu ya lalace, mata na tafiya mai nisa neman ruwa, dattawa sun yanke a rubuta takardar roƙon gyara. Malam Labbo ne mai magana da yawunsu. An rubuta da hannu, saura a buga. Na same shi bayan sallar asuba.

"Yaya, ana ta magana gari."

"Wace magana?"

"Wai kunnenka na makarantar allo ne, bai san boko ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mi zai hana takardar famfo a ba ɗaliban makarantar da kaz zaɓa su buga ta gaban mutane? Kowa ya kama bakinshi."

Ya shafa gemu. "Nemo su."

Goma na so samu, don a cika ƙa'idar tsumma, amma uku na samu. Babbansu Sodangi, wanda ya zo na ɗaya a shekararsu, satifiket ɗinsa na rataye a zauren ubansa cikin gilashi. Ya zo da shi a hammata. Muka ɗunguma zuwa wani shagon buga takardu a bakin kasuwar Isa, da dattawa huɗu a matsayin shaidu. Mai aiki a shagon wata mata ce, Khadijatu. Na roƙe ta ta ba mu kujerarta na ɗan lokaci, ta kashe na'urar ta koma gefe.

"Sodangi," in ji Malam Labbo, "fara muna da karatu."

Sodangi ya miƙe ya gyara murya, ya zubo shi tun daga ma'anar kwamfuta har zuwa sassanta, ba numfashi. Sauran biyun suka kama masa. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Yayana ya dube ni da alfahari.

"To zauna ka buga."

Sodangi ya zauna. Ya dubi gilashin kwamfutar, baƙi ƙirin. Ya shafa gefensa, ya leƙa bayansa, ya ɗaga kibod ya duba ƙarƙashi. Na biyu ya ce a danna nan, na uku ya ce a'a, can ne. Sai da Khadijatu ta miƙo yatsa ta kunna musu. Haske ya kawo, ta buɗe masa shafi fari.

Ya ɗaga yatsa ɗaya ya fara shawagi da shi a kan haruffa kamar shirwa.

"Mi kaka nema?" in ji Malam Labbo.

"B nika nema. An ɓata wanga kibod, Malam. Namu A na farko, B na bi mata, har zuwa Z. Haka anka ce mu zana don hadda ta yi sauƙi."

Rabin awa ta wuce. Zufa ta jiƙa masa riga. A kan shafin akwai kalma biyu da rabi, sai wani harafi da ya danne ya manta bai ɗaga ba, ya cika layi uku. Sauran biyun suka ce su ba su jin daɗi yau. Ɗaya daga cikin dattawan ya fita waje don kada a ga dariyarsa.

"Baba, ku kawo in gani," in ji Khadijatu.

Ta zauna, ta jingina takardar hannun a gabanta. Ba ta ko dubi yatsunta ba. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, irin ƙarar nan da yayana ya kira barci. Kafin in gama gyara zaman hulata firinta ta turo takarda, da sunan Malam Labbo a ƙasa, tsaf.

Ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, ina kinka yi karatu?"

"Wurin Malama Fatsuma, nan lungun baya. Da ɗinki nika yi, fari yas sa mutane sunka bar ɗinka tufafi. Wata uku na yi wurinta."

"Kina da satifiket?"

"Akwai wata 'yar takarda. Ban san inda na sa ta ba."

Sodangi kuwa ya tsaya da gilashin satifiket ɗinsa a hannu, idonsa ya yi ja. "Malam, shekara guda na yi can. Shanun babana biyu sunka tahi. Ashe ban iya komi ba?" Shi ba abin dariya ba ne, abin a yi fushi a madadinsa ne, kuma har ni na yi fushin, duk da hular na kaina.

Da muka isa gida, yayana bai tsaya a zaure ba. Ya shiga tsakar gida da takalminsa, abin da ban taɓa gani ba, ya tsaya a gaban ɗakin Tasalla.

"Ina tsumman nan naki?"

Ta fito da shi.

"Ƙwaya uku na sa yau. Ko ɗaya ba ta tsiro ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Shekara talatin ina sauraren karatun da aka yi da baki. Wanga da hannu aka yin shi, ni kuwa na tahi da kunne. Na so in tsare ki daga yunwa, na tashi raba ki da mijinki. Aika a kira shi."

Tasalla ta durƙushe ta kama ƙafarsa tana kuka. Inno ta ce, "Da ka saurare ta tun farko," ya ce, "Ke kuma ban tambaye ki ba." Ni na tsaya ina jiran a zo kan godiyata. Sai ya juyo.

"Illo. Wa yac ce a fara da Sabon Birni?"

"Yaya, ai shawara—"

"Sodangi ya gaya mini kai kak kai shi can. Ya gaya mini sunan da aka kiranka. Ciro wagga hula."

Washegari ya sa na kai shi Sabon Birni da kai ba hula, rana na dukana. A wannan karon ta ƙofa ya shiga. Ya wuce ajin masu hadda har ofis, ya yaye leshin da ke kan kwamfutar, ya ajiye hular a kan tebur.

"Ga kayanka. Ɗiyan talakawa na saida dabbobinsu cikin fari su zo ka koya musu waƙa? Za ni bi gida gida duk inda na san mutum, in faɗi abin da na gani da idona."

Darakta ya fara Turanci. Yayana ya ce ya riƙe, ya ji isasshe ta bayan katanga.

Sharaɗi dai bai canza ba, don Malam Labbo ba ya janye magana biyu a mako ɗaya. Tasalla za ta zauna sai an sami aikin. Saura wata biyu da rabi, Amiru ya koma makarantar Isa da izinin surukinsa. Malama Fatsuma ta dubi hannun Amiru ta ce yatsun nan sun saba da fartanya, za su sha wuya. Sun kuwa sha. Makon farko in ya danna harafi ɗaya sai biyu su fito. Ta hana shi kallon kibod, ta rufe masa hannu da ƙyalle, ta riƙa ba shi takardun mutane na gaske yana bugawa, in ya yi kuskure ɗaya ya sake daga farko. Kullum da sassafe yana kan hanyar Isa, wata rana a bayana, wata rana a ƙasa. Sodangi ma ya ajiye gilashinsa ya bi shi. Duk Juma'a Tasalla na ba ni ƙullin fura in kai, wadda na san daga rabonta ta rage, kuma ban taɓa buɗewa ba sai sau biyu.

Ranar jarrabawa mutum goma sha tara suka zo, da yawa da manyan takardu a hannu. Ba a karɓi ko ɗaya ba. Aka ba kowa jerin sunayen manoma da ƙauyukansu, aka ce ya shigar. Da aka kafe sakamako, sunan Amiru ne na biyu.

Bayan mako guda Malam Labbo ya ce in kai shi ofishin ya yi rajistar iri. Na tsayar da babur a ƙofa, sai na ga ya zagaya baya. Hali ba ya barin mai shi. Ya jingina kunne da katanga. Shiru, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, da sauri, ba tsayawa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce da ni, "Shina karatu."

A ranar da la'asar, da kansa ya raka Tasalla har ƙofar gidan mijinta, Binta a bayanta, tulun iri a kanta. Amiru ya fito ya sauke mata tulun, suka tsaya suna kallon juna kamar ba su san inda ake shiga ba, sai da Inno ta ce su shige mutane na kallo. Da ruwan farko ya sauka suka fasa lakar bakin tulun. Tasalla ta ƙirga ƙwaya goma ta sa a tsumma, tara suka tsiro.

To yara, ga abin da za ku ɗauka. In za ku koyi sabuwar sana'a, kada fenti da amo da takarda mai ƙyalli su ruɗe ku. Ku nemi wanda ya gama a wurin, ku zaunar da shi, ku ga abin da hannunsa ke iyawa. Iyaye su sani cewa ma'aunin da ya yi musu aiki jiya ba lalle ya auna abin yau ba. 'Ya'ya kuma su ga yadda Amiru da Tasalla suka yi: ba su ɗaga wa babba murya ba, ba su kuma saki gaskiya ba, suka yi haƙuri har ta fito da kanta, Allah ya mayar da su ɗakinsu.

Ni kuwa da na shirya komai, har yau tsohuwar hulata nake sawa. Wannan labarin ma da hannu na rubuta shi na kai wa Amiru ya buga mini. Ya buga cikin ladabi, bai canza ko kalma ba. Tasalla ce kawai ta karanta ta ce furar nan sau huɗu na buɗe ta.